Shekarar da Muka Kusa Watsewa, da Abin da Zaman Tabarma Ya Koya Mana



Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayyenmu da ƙannenmu, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu da suka daure suka zo, da 'ya'yanmu da muke hangowa can baya suna jiran a buɗe kula, sannunku da zuwa. Allah ya ba da ladan zumunci.

Mu 'yan kasuwar cikin wannan ƙungiya aka ce mu yi magana yau, ranar da muka cika shekara 10. Takardar nan da hannunmu muka rubuta ta, muna yi muna gogewa. In kun ji mun yi tuntuɓe a wata kalma ku yi mana haƙuri, da girmanmu muka shiga aji. Hukumar ilimin manya ta jihar Kano tun 1980 aka kafa ta, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, lokacin wasunmu ko yaye su ba a yi ba, amma ba mu riƙe fensir ba sai da muka tara 'ya'ya. To, alhamdu lillahi, ga shi yau muna karanta rubutun kanmu a gaban jama'a.

Ranar biki an saba a faɗi alheri, kuma ma'ajiya ta riga ta karanto muku lissafi, kun ji da kunnenku. Mu kuwa da muka zauna shawara, sai muka ga gara mu ba da labarin shekarar da ƙungiyar nan ta kusa mutuwa a hannunmu. Sababbin shiga ba su san shi ba, mazajenmu kuma ƙarshensa kawai suka ji. Ga shi wata mai zuwa za mu yi zaɓe, ya kamata masu karɓar ragama su san ramin da muka taɓa faɗawa.

Kowa a nan ya tuna 2023. Da farkon shekarar aka yi canjin kuɗi, Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai ciniki ya zo ya ce zai yi taransfa, ke ko asusun banki ba ki da shi. Kuɗinki ne, amma sai kin biya mai POS kafin ya ba ki. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin adaidaita sahu ya tashi, kuɗin markaɗe ya tashi, gawayi da itace suka bi baya.

A cikin ƙungiya, abin da muka fara gani shi ne masu bashi sun soma latti. Sai muka yi abin da kowa zai yi. Muka ƙara tara. Muka ce duk ranar taro sakatariya ta miƙe ta kira sunan masu latti da ƙarfi, kowa ya ji. Wadda ba ta zo taro ba ita ma a ci ta tara. Muna ganin mun ɗaure akuya da igiya mai ƙwari.

Abin sai ya ƙara lalacewa. Taron da a da sai an aro tabarma a maƙwabta ya koma rabin tsakar gida. Ƙungiya ta rabu biyu ba tare da an faɗa ba. Masu jari da ɗan kauri, masu atamfa da kayan kicin, suna cewa ƙananan nan sun mai da akwati gadon ubansu. Masu ƙuli-ƙuli da awara da ƙosai suna cewa a bayan ido, ƙungiya ta zama ta Hajiyoyi. Daga ƙarshe aka rubuta sunayen waɗanda za a kora. Gaskiya ɗaya ce, mu da muke tsaye a gabanku muna cikin waɗanda suka ɗaga hannu cewa a kore su. Muna neman gafararsu a bainar jama'a, tun da a bainar jama'a muka kira sunansu.

Malamarmu ta aji ce ta tsaya mana. Ba 'yar ƙungiya ba ce, ba ta da ko sisi a akwati. Ta ce ita ba za ta hana mu kora ba, ƙungiyarmu ce, amma mu ba ta zama uku kafin mu yanke hukunci. Ta ce an koya musu wata hanya ta tattaunawa, inda mai jan zama ba ta kawo amsa daga gida, aikinta ta tabbatar kowa ya yi magana, a kuma dubi matsala tare da duk abin da ke ɗaure da ita. Wasu suka ce ɓata lokaci ne. Hajiya shugaba ta ce a ba ta. Allah ya saka wa Hajiya, don sharuɗɗan da suka biyo baya ita suka fi taɓawa.

Sharaɗi na farko, a fitar da tebur da kujerun shugabanni, kowa ya zauna a tabarma, a yi da'ira. Na biyu, aka kawo ludayi, wadda ke riƙe da shi ita kaɗai ke magana, ba mai katse ta. Na uku, ƙanana su fara, manya su rufe, Hajiya ita ce ta ƙarshe. Mun san halinmu ai. In babba ta riga ta faɗi ra'ayinta, wace yarinya ce za ta buɗe baki ta ce ba haka ba? Na huɗu, aka raba mu rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, kuma malama ta lura ba ta haɗa suruka da matar ɗanta a rukuni ɗaya ba, haka kishiya da kishiya, haka mai bashi da wadda ta tsaya mata. Shekara da shekaru muna da mata a cikinmu waɗanda ba mu taɓa jin muryarsu a taro ba, muna cewa ba su da ra'ayi. Ashe kunyar surukai ce ta ɗaure musu baki. Su kuma waɗanda suka daina zuwa, aka bi su gida ɗaya bayan ɗaya, aka ce ba maganar kuɗi za a yi ba, kuma ba za a kira sunan kowa ba.

A zama na farko ba a buɗe littafi ba. Da gawayi aka zana shekara a ƙasa, aka raba ta: kaka, hunturu, bazara, damina. Aka yi haka don wadda ba ta iya karatu ba kada a bar ta a baya. Kowane rukuni ya ɗebi tsakuwa, aka ce ku sa a lokacin da kayan sana'arku suka fi araha, ku sa a lokacin da kuka fi ciniki, ku sa a lokacin da kuɗi ya fi fita daga hannunku. Aka sa alamar azumi da sallah, aka tuna mana cewa su duk shekara suna matsowa da kamar kwana 11. Aka sa komawar yara makaranta.

Da muka miƙe muka dubi ƙasa, sai jikinmu ya yi sanyi. Tun kafuwar ƙungiya, bashi layi muke bi, wadda ta riga shiga ita ke riga karɓa. Muna alfahari da wannan, muna cewa adalci ne. To amma ga mai man gyaɗa, layinta ya faɗo tsakiyar damina, lokacin da gyaɗa ta fi tsada, alhali da kaka take so ta je Dawanau ta sayi buhu ta ajiye. Ga mai atamfa, nata ya faɗo bayan sallah, lokacin da kowa ya riga ya ɗinka. Kowace tana karɓar kuɗi a lokacin da ya fi dacewa da 'yar'uwarta. A shekarun sauƙi riba tana rufe wannan ɓaraka, shi ya sa ba mu gani ba. Da tsada ta zo, sai asiri ya tonu.

A zama na biyu malama ta zo da ƙullin zare. Ta ajiye murfin kwalba a tsakiya ta ce wannan shi ne latti. Tambaya ɗaya take ta maimaitawa: me ya jawo shi? Sannan, shi kuma me yake jawowa? Duk amsar da aka bayar sai a ajiye mata alama, wani murfi ko ɓawon gyaɗa ko marfin kwano, a ja zare daga wannan zuwa wancan.

Ga yadda zaren ya bi, ku saurara da kyau. Latti ya jawo tara da kiran suna. Kiran suna ya jawo kunya. Kunya ta hana mace zuwa taro. Wadda ba ta zo ba ba ta yi zubi ba. Zubi ya ragu, akwati ya yi ƙasa. Da akwati ya yi ƙasa, mai jiran layi ta samu kuɗi kaɗan, kuma a makare. Kuɗin da a da yake sayen buhu ya koma sayen rabi, amma kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa ɗaya ne, ko buhu kika ɗauko ko 'yan kwanuka. Riba ta tafi a hanya. Ita ma ta yi latti. Sai ga zaren ya dawo kan murfin da aka fara ajiyewa. Wata tsohuwa a cikinmu ta dafa ƙirji ta ce, ashe mu muke haƙa ramin muna kuma faɗawa. Duk lokacin da muka ƙara tara, ƙara wa abin gudu muke yi.

Akwai wani zaren kuma da ya ba mu dariya da takaici. Wata ta karɓi bashi ta fara awara ta samu alheri. Da muka gani, duk wadda ta zo neman shawara sai mu ce mata ki yi awara. Kafin a ankara, lungu ɗaya kasko ya fi masu saye yawa. Ga waken suya ya yi tsada, ga mai ya yi tsada, ba mai iya rage girman yanka don kada ciniki ya koma wajen maƙwabciya. Shawarar da ta yi wa mutum ɗaya amfani, da kowa ya bi ta sai ta kayar da su gaba ɗaya.

A wannan zama ne ludayi ya kai hannun wata baiwar Allah da sunanta ke saman takardar kora. Mijinta ya rasu, marayu na hannunta. Ta daɗe tana juya ludayin ba ta ce komai ba. Wasunmu har sun fara motsi, malama ta ɗaga hannu ta ce a jira. Can sai ta ce sau biyu tana zuwa har ƙofar gidan nan da rabin kuɗin a ƙulle a bakin zaninta, sai ta tuna doka ta ce ba a karɓar rabi, kuma ko ta bayar za a kira sunanta, sai ta juya. Kafin wani mako ya zagayo, rabin ya tafi a cefane da maganin yaro. Da ta yi shiru, sai wata ta ce ni ma haka. Wata ma ta ce ni ma.

Malama ta tambaya, wa ya kafa dokar hana rabi, kuma don me? Aka yi ta duban juna. Iyayenmu na farko suka tuna. A shekarar da aka kafa ƙungiya, mutum ɗaya ce ta iya rubutu, shi ma da ƙyar, shi ne aka ce a riƙa biya cif-cif don lissafi ya yi mata sauƙi. Dalili ne mai kyau a lokacinsa. Amma yanzu da yawanmu mun iya tarawa da ɗebewa a takarda. Dalilin ya daɗe da wucewa, dokar tana nan tana mayar da kuɗinmu daga bakin ƙofa. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu shugabanni da manyan 'yan kasuwa mun yi wata da watanni muna neman bakin zaren, alhali yana wajen matan da muke shirin kora.

Malama ta ba mu misali da randa. Ta ce kullum leƙa randa kuke yi kuna cewa ruwa ya yi ƙasa, ba ku tsaya kun dubi wa ke zubawa, nawa ke shiga, ta ina yake fita ba. Tun daga ranar, in ma'ajiya za ta yi bayani, ba ta tsayawa kan abin da ya rage a akwati. Sai ta faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, da kuma mutum nawa suka zo taro, don mun gane cewa in tabarma ta fara yin fili, akwati ma yana hanya.

Zama na uku shi ne na yanke shawara. Aka jera kwanuka a ɗaki, kowane kwano da shawara ɗaya da alamarta. Kowace mace aka ƙirga mata ƙwayar masara 10, ta shiga ita kaɗai ta zuba inda take so. Na Hajiya 10, na amaryar da ta shigo jiya 10. Wata ta yi ƙorafi, ta ce yaya mai zubi babba za ta yi daidai da mai zubi ƙarami? Malama ta ce wannan ba ita ta ƙirƙiro ba. A 1844, a garin Rochdale na ƙasar Ingila, mutum 28, cikinsu akwai masaƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗan shagon kayan abinci, kuma cikin dokokinsu akwai cewa kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan kuɗinsa. Ƙungiyoyin gama kai na duniya a kan wannan suke tafiya har yau, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2012 da 2025 a matsayin shekarun ƙungiyoyin gama kai. Ta kuma tuna mana cewa irin asusun da muke yi, wanda ya ɗara adashi da ba da rance, 'yan'uwanmu mata na Maraɗi a Nijar suka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe. Akwatin nan namu mai kwaɗo uku, makulli a hannun mutum uku, daga wannan tsari ya zo mana. Wanda ya yi kwaɗo uku ai ya san bai kamata abu ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Mun raba makullin akwati, amma magana mun bar ta a bakin mutum uku ko huɗu.

Da aka juye kwanuka aka ƙirga, ga abin da muka tsayar. An daina kiran suna, wadda ta yi latti mata biyu za su je gidanta su ji lafiya tukuna. Ana karɓar abin da ya samu, a rubuta, a ba ta shaida. Layin bashi ya koma bin lokacin sana'a, masu gyaɗa da hatsi da kaka, masu tufafi da kayan ado kafin azumi. Masu sayen kaya iri ɗaya su haɗa kuɗi, mutum biyu su je kasuwa, mota ɗaya ta ɗauko. Kafin a ba mace bashin sabuwar sana'a, a tambaya mutum nawa ke yin ta a layinsu. Takardar kora kuwa, Hajiya da kanta ta yage ta.

Kada mu yi muku ƙarya mu ce daga nan komai ya daidaita. Shawarar manyan 'yan kasuwa ta a ɗaga yawan bashin mutum ɗaya ba ta samu masara ba, kuma akwai waɗanda suka ji haushi suka janye kuɗinsu suka tafi. Har yau muna gaisawa, ƙofa kuma a buɗe take. Akwai bashin da bai dawo ba, muka yafe. Akwati bai farfaɗo a wata ɗaya ko biyu ba, sai da wata kakar ta zagayo, kuma a tsakani an sha cewa mu koma gidan jiya. Gyaran ma ya haifi nasa 'ya'yan. Da aka ce ana karɓar rabi, wasu masu hali suka miƙe ƙafa, sai da muka sake zama muka sa wa'adi. Da muka fara sayen buhuna tare, sai ga maganar wurin ajiya, da danshi, da ƙwari, da wa zai riƙe makulli. Abin da muka koya shi ne, duk dokar da muka taɓa sai ta motsa wani abu a wani gefen, shi ya sa yanzu kowace sabuwar doka muke ba ta wata uku, sannan mu dawo tabarma mu tambaya, me ta gyara, me ta ɓata, wa ta danne ba mu sani ba?

Yanzu ga roƙonmu. Ga waɗanda za a zaɓa wata mai zuwa: ƙungiya ta ƙara girma, har an fara yi mana maganar tallafi da rance daga waje. Muna murna, amma muna tsoro. Kuɗi mai yawa yana zuwa da takardu, takardu kuma suna mayar da magana hannun waɗanda suka fi iya karatu. Muna neman a rubuta zaman da'ira cikin dokokin ƙungiya, kada ya zama sai shugaba ta ga dama. Kada a sa hannu a kan kowace yarjejeniya sai an karanta ta da Hausa a gaban kowa, an ja mata zare, an zuba masara. Kuma a koya wa 'yan mata biyu ko uku daga cikinmu jan zama, don malama ba za ta dawwama tare da mu ba. Aikin yana da wuya fa. Mun gwada. Ka riƙe bakinka alhali kana ganin ka san amsa, ya fi ɗaukar buhu nauyi.

Ga 'yan'uwa mambobi: in ludayi ya zo hannunki, ki yi magana, ko muryarki na rawa. Abin da kike ganin ƙaramin abu ne, mai yiwuwa shi muke nema. Wadda kuma ba ta shiga aji ba, wallahi ba a makara ba, ga mu nan shaida.

Ga iyayen gida, mazajenmu: mun gode da izini da haƙuri. Ku ma kuna cikin zaren nan, don ranar da kuɗin cefane ya gaza, jarin ƙungiya ne ke shiga tukunya. In kun ga mun daɗe a taro, ba hira muke yi ba. Ga 'ya'yanmu masu taya mu duba saƙon banki a waya da talla da wanke kasko, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani.

Waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya kai haske kabarinsu. Malamarmu, ba mu da abin biyanki, Allah ya biya ki. Wadda muka ɓata wa a cikin shekarun nan ta yafe mana, mu ma mun yafe. Allah ya maimaita mana, ya kai kowa gidansa lafiya.

Taron mako mai zuwa yana nan a lokacin da aka saba, kowa ta zo da littafinta.